Kazar Indiyawa da Nonon Saniyata

Mijina ya dawo daga Makka ana tsakiyar yankan dawa, a kan jakin wani falke da ya tausaya masa ya ɗauko shi daga Kano. Wannan tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan ne, lokacin da mai niyyar hajji da ƙafarsa yake tafiya, ya bi ta Barno ya nausa gabas, yana tafe yana tsayawa neman guzuri. In mutum ya fita akan yafe masa a yi masa addu'a, don ba kowa ke dawowa ba. Ya bar ni da ƙuruciyata, ya dawo ya tarar da furfura a goshina. Da aka sauko da shi a ƙofar gida ban shaida shi ba sai da ya buɗe baki ya yi sallama. Ƙashi ne da fata a cikin riga, idanu sun faɗa, ƙafafu duk sun tsattsage.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tsiga da Gozaki, kuma a lokacin ba mu da wani alhaji sai shi. Zaure ya cika maƙil, kowa yana son ya taɓa hannun da ya taɓa Ɗakin Allah. Ɗan ruwan zamzam da ya riƙo a gora a ranar ya ƙare. Abin da ya rage masa wata 'yar jakar fata ce da yake matashi da ita, ba ya yarda kowa ya taɓa. Mata suka yi ta zungurina, wai zinariya ya kawo mini. Da baƙi suka watse ya kwance bakin jakar, sai ga ɓawon kirfa, da hulba, da wasu 'ya'yan itace kore-kore masu ƙamshi da yake kira hel. Tsarabata ke nan bayan duk shekarun nan, kayan yaji.

Duk tsawon tafiyarsa Yayana ne ya riƙe ni. Mu asalinmu masu shanu ne da suka zauna wuri ɗaya suka kama noma, Fulatanci ma ya ɓace mana sai ɗan wanda ake kiran saniya da shi. Da mahaifinmu ya rasu ya bar mini karsana ɗaya, ta zauna a garken Yaya can wajen Tsiga, ta girma ta yi ta haihuwa. Matar Yaya in ta fito tallan nono takan biyo ta ajiye mini rabona, kaka ta yi kuma a aiko da dami. Sau da yawa Yaya yakan ce in tashi mu je gaban alƙali a raba auren nan, mutumin da ba a san yana raye ko ya mutu ba. Na ƙi. Da ya gaji ya ce to in zauna, muddin yana numfashi ba zan kwana da yunwa ba, kuma bai saɓa ba.

To ga wanda na jira ya dawo, amma ba ya cin abinci. Ciwon ciki ya riƙo tun daga hanya, da wani tari mai ƙaran gwangwani. Na tuƙa tuwon dawa sabuwa, ya kalla ya kau da kai. Na dama kunu, ya kurɓa ya ajiye. Fura ma da yake mutuwar so a da, sai ya juya ludayi a ciki ya ture ƙwaryar. An jiƙa saiwoyi, an wanke alluna ya sha rubutu, jiki kullum ƙara zubewa yake. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Ban yi wannan jira don in yi masa wankan gawa ba, so nake ya tashi ya zauna a gidansa kamar kowane miji.

Wata rana da hantsi ina tsince wake a bakin ɗakinsa sai ya kira ni.

"Akwai wata kaza," ya ce, "da zan same ta, da na ci."

"Kaza? Ga su nan suna tona mani tsakar gida. Wacce kake so a yanka?"

"Ba kazar ba, dahuwar."

Sai ya ba ni labarin da bai ba mutanen zaure ba. Da guzurinsa ya ƙare a Jidda, ya yi barantaka a gidan wani Ba'indiye mai sayar da yadi. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke niƙa wa mai dafa abinci kayan yaji a kan dutse. A gidan ne ake wata miyar kaza da suke kira kori, mai kauri, mai santsi a harshe, yaji bai fi ƙarfinta ba, ana ci da shinkafa. Yana faɗa yana haɗiye miyau. Rabon da in ga idonsa ya yi haske haka tun ranar da ya sauka.

Na ce a raina, abin da zai gagare ni ke nan? Ni da ake aikowa daga wasu gidaje in je in ɗanɗana musu miyar biki? Na sa aka yanka budurwar kaza, na fige na babbake, na zuba a tukunya da ruwa kamar yadda kowa ke yi. Na daka kayan jakarsa a turmi tare da citta da tafarnuwa da kurkum, na watsa. Na dama gyaɗa don kauri. Sannan na ɓantari daddawa mai kyau, ta kalwa, na jefa, da ɗan gutsuren kanwa don naman ya yi laushi. Na kai masa a akushi ina jiran yabo.

Ko buɗewa bai gama yi ba ya yamutsa fuska.

"Daddawa kika sa?"

"To miya ce ko ruwan wanka? Wa ya taɓa yin miya ba daddawa?"

"Rabin duniya," ya ce, ya mayar da faifai ya rufe.

Ranar maƙwabta suka ci daɗi, ni kuwa na kwana da haushi. Kashegari ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma a nan ne ya faɗi abin da tun jiya na sha jinin jikina zai faɗa. Ba gyaɗa ke kawo kaurin ba. Kindirmo ake jiƙa naman a ciki tun safe, in an kusa saukewa kuma a zuba afarari, wato kitsen nan da ke taruwa a saman madara in ta kwana.

A zuriyarmu ba a haɗa nono da nama a tukunya ɗaya a kan wuta. Kowane gida da abin da ba ya yi, namu ke nan. Man shanu daban, shi an riga an kaɗe shi ya rabu da nono, a soya abin da aka ga dama da shi. Amma nonon kansa in ya haɗu da nama a wuta, an ce hantsar saniyar da aka tatsa za ta ƙone, arzikin garke ya juya baya. Da haka aka raine mu, kakata ko wuƙar yanka ba ta bari a ajiye kusa da ƙoren nono. Kuma mijina ya sani sarai, ai daga gidan ya ɗauko ni.

"Camfi ne," ya ce. "Na tahi inda aka saukar da addinin nan, ban ji an hana ba."

"Ni ba addini na ce maka ba, Alhaji. Gidanmu na ce."

"To bari," ya ce, ya juya ya fuskanci bango.

Ina ma ya yi faɗa. Bai yi ba, sai ya ci gaba da narkewa a kan tabarma, har ya kai sai na tallabe shi yake fita alwala. Na yi tunanin in sayi nonon wasu, to masu talla tsala suke kawowa, wanda aka kwashe mansa, ba ya da abin da ake nema. Su ma ɗin duk dangi ne ko surukai, in ka tambayi ɗaya nono da mansa kafin la'asar kowa ya ji. Nonon da zan iya samu da kitsensa ɗaya ne, na saniyata.

Da matar Yaya ta biyo na ce mata daga yau ta riƙa kawo mini nawa yadda aka tatso, kada ta kaɗe, marar lafiya nake so in riƙa dama wa fura. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, har da ƙara mini daga nata.

Sai ranar da zan fara zubawa ta zo. Na yi bisimilla na tuttula afararin a tukunya tana tafasa, wuta na ci bal-bal, nan take ya tsinke, ya zama gudaji-gudaji yana yawo a saman ruwan mai. Na tsaya ina kallo, na ce shi ke nan, na taka dokar gidanmu kuma na ɓata kaza. Haka na kai masa, ko faifai ban rufa ba. Ya daɗe yana shinshinawa. Sai ya sa hannu ya ɗauki tsoka ya ci, ya ƙara, ya lashe yatsunsa.

"Ba ita ba ce," ya ce, "amma ta kamo hanya."

Na fita bayan ɗaki na yi kuka, na murna da na tsoro a haɗe.

Daga nan ya sa na riƙa shimfiɗa masa tabarma a ƙofar madafa, yana kishingiɗe yana ba da umarni, ni da na fi shekarun tafiyarsa ina girki. Albasa ba jefawa ake yi ba, a yanka ta siri-siri a soya da man shanu a wuta kaɗan, a yi ta juyawa har ta yi ja ta narke, in ta yi baƙi a zubar a sake. Kayan yaji ba a turmi ba, turmi yana da warin daddawa. A gasa su a kasko sai sun fara ƙamshi, sannan a niƙe a dutse har su yi laushi. Na durƙusa a kan dutsen niƙa gwiwoyina suna ƙara, yana cewa saura, bai yi ba. Naman a tsattsaga shi, a cuɗe da kindirmo da citta da tafarnuwa da gishiri, a rufe tun sassafe har azahar, a ɗan nuna wa garwashi kafin ya shiga tukunya. Ruwa kuwa ɗan kaɗan, wai miyarmu ta nan ruwa muke dafawa. Barkono ma sai da muka yi rigima a kansa, ni ina ganin miya ba ta yi ba sai ta sa mutum jan hanci, shi yana cewa a rage.

Kurkum da kanunfari da masoro akwai su a kasuwar Bakori wurin 'yan koli, na riƙa ba masu zuwa saƙo. Kajina da na tara, waɗanda nake ji da su, suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Shinkafar fadama da nake ɓoyo don salla na sheƙe ta. Kullum ya ci ya ce saura kaɗan.

Wata rana na gaji na tambaye shi, shi wannan Ba'indiye a wane irin akushi yake zuba masa da har ya kasa mantawa? Ya yi dariya, ya ce wane akushi? Bara ai ba a zuba masa. In masu gida sun ci sun tashi, aka ba shi tukunya ya wanke, abin da ya maƙale a gindi shi yake suɗewa da gutsuren gurasa. Na ajiye muciya na dube shi. Wato ni nan ina yanka kajina, ina sa saniyata a haɗari, don in kamo ɗanɗanon suɗin wasu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na dubi wuyansa na ga ya fara cikowa, sai na haɗiye maganar na ci gaba da juya albasa.

Asirina ya tonu ranar da matar Yaya ta gama talla da wuri. Ba ranar zuwanta ba ce, ta biyo ne ta duba marar lafiya. Ta yi sallama ta shigo kai tsaye yadda ta saba, ta same ni tsugune gaban murhu da 'yar ƙwaryar afarari a hannu, ga cinyar kaza tana leƙowa daga tukunya. Ta sauke kayanta a hankali kamar mai tsoron kada su fashe.

"Mi nika gani haka?"

Na ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ta matso ta leƙa tukunyar.

"Wagga ce furar marar lahiya? Nonon da nika tatsa da hannuna?"

Alhaji ya ɗago daga tabarma zai yi mata wa'azi, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta yi salati ta tafa hannu, ta ɗauki ƙorenta ta fita, ruwan da na miƙa mata ma ba ta karɓa ba.

Hantsar shanu tana kumbura tun kafin a haife ni, na sani, na sha ganin ta kumbura a garken da ba wanda ya taɓa jin sunan Indiya. Amma ta saniyata a wannan makon ta ga damar kumbura. Gefe ɗaya ya yi tauri ya yi zafi, ana tatsa jini na biyowa. Kafin a gama da wannan, wata karsana ta Yaya ta zubar da ciki. Ba wanda ya tsaya neman wani dalili, dalili yana tukunyata.

Yaya ya zo da kansa da rana tsaka, yana jan saniyar da igiya, ɗan maraƙinta na biye. Bai shigo ba. Mutumin da yake shiga har ɗakina ya zauna a bakin gado, ya tsaya a waje ya aika a kira ni. Na fito na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ƙyar yana kallon wani wuri.

"Ga abinki," ya ce. "Abin da baba ya bar maki ke nan. Sauran 'ya'yanta na sa an ware, za a kai maki kasuwa ko inda kika ce. Ba ki da sauran komi cikin garkena."

"Yaya, mutum na gani zai mutu."

"Da kin zo kin hwaɗa mani. Da na sai maki saniyar wasu, ki ƙona ta in kin so. Amma ki aiko da ƙarya, a tatso maki da hannun matata?"

Wannan maganar ta fi mari zafi, don ban taɓa tunanin haka ba, kuma na san da zai yi. Alhaji ya dogaro sanda ya fito, ya fara jawo abin da malaman Makka suka ce. Yaya ya bari ya kai aya, sannan ya dube shi.

"Alhaji, ba wurinka na zo ba. Kai ka tahi Makka. Mu muka zauna da matarka."

Ya ɗaure igiyar a jikin bishiyar ƙofar gida ya juya. Na bi shi har bakin gona ina kira, bai waiwayo ba.

Na kafa turke a bayan ɗaki na koma makiyayiya da tsufana. Na riƙa gasa mata hantsa da ruwan ɗumi ina shafa man kaɗanya, ina roƙon harawa da dusa gidan maƙwabta. Gefen da ya kumbura ya mutu, sauran suka warke. Abin haushi, sai a lokacin ne girkin ya samu abin da yake so. Madara tana zuwa daga turke zuwa ƙwarya ba ta sha rana a hanya ba, in ta kwana kitsen ya taru lafiyayye, in yaye shi da mara. Na kuma gane da kaina abin da Alhaji bai sani ba, don shi bai taɓa tsayawa kan tukunya ba: ba a zuba afarari tukunya na tafasa. Sai an janye itace, an bar rushi kawai, a ɗebi ɗan romo a sirka shi, sannan a zuba a hankali ana juyawa.

Ranar da miyar ta yi, tun kafin in sauke na san ta yi. Miyar ta haɗe jikinta, launinta ya tsaya tsakanin ja da rawaya, mai ya taso a gefe-gefe, in ka ɗaga ludayi sai ta bi bayansa ta ƙi zuba. Na murtsuke hulba kaɗan a tafin hannu na barbaɗa. Ƙamshin ya tsallaka danga har maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko turare nake dafawa. Na ɗanɗana, ni kaina da nake jin haushinta sai da na lumshe ido. Ba zan yi mata ƙarya ba, abin da daɗi.

Ya kama ci, bai ɗago ba sai da ya share akushin da yatsa. Hawaye na bin gemunsa.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce."

Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, ko ranar da aka kai ni ɗakinsa. Na ce a raina na rasa gidan ubana amma na samu mijina, Allah ya sa haka shi ne alheri.

Ya kuwa tashi. Ciki ya lafa, tarin ya ragu, ya ajiye sanda. Da cikinsa ya buɗe har tuwo ya koma ci. Ya riƙa fita masallaci da ƙafarsa, yana zama a zaure mutane na zuwa jin labarin teku da raƙuma. Bazara ta shigo, kowa ya fara sharar gona, na ga ya fara zuwa kasuwar Bakori duk mako. Na ɗauka wurin maƙera yake zuwa, don garmarsa tsatsa ta cinye ta. Har iri na ware masa, dawa da auduga, na ɗaure a tsumma na rataye. In ya dawo hannu rabbana sai in ce wataƙila bai samu wadda ta yi masa ba.

Ashe fatake yake bi yana tambayar ayarin da zai yi gabas.

Wata rana da safe ya faɗa mini, ina tatsa, ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce tun da ya dawo ransa bai zauna ba. Ya ce ranar da ya ci kazar nan ya rufe ido sai ya ga kansa a can, ya ji kiran sallar can, ya san ba zai iya mutuwa a nan ba. So yake ya koma ya ƙarasa kwanansa kusa da Manzon Allah, a binne shi a wannan ƙasa. Ayari zai tashi daga Kano kafin ruwa ya sauka.

Da wani abin duniya ya ce zai bi, da na san abin da zan faɗa, kuma da duk ƙauyen sun taya ni. Amma wa zai buɗe baki ya hana mutum Makka? Liman cewa ya yi Allah ya karɓa. Matan da suka zungure ni a kan zinariya suka zo suna yi mini barka, wai na yi dace da miji. Na ce to ya tafi da ni. Ya dubi gwiwoyina ya girgiza kai, ya ce hanyar ta kashe waɗanda suka fi ni ƙarfi. In ina so ya sauwaƙe mini, in kuma ina so in zauna da igiyarsa, duk ɗaya ne a wurinsa. Duk ɗaya, haka ya ce.

Na soya masa gari na daka dakuwa, don ba a barin matafiyi ya fita ba guzuri, ko da ranka na tafasa. Ranar tafiya ya rataya gafakarsa, mutane sun taru za su raka shi bakin rafi, ya dawo ciki ya same ni a madafa. Fuskarsa cike da fara'a, ya yi ƙiba, ya yi kyau kamar lokacin da na fara saninsa.

"Allah ya yi maki albarka," ya ce. "Da ba don girkinki ba, da a nan za a binne ni."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, godiya yake yi. Na dube shi na ce, "Da na sani da daddawar na ci gaba da sawa." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ban raka shi ko zaure ba, kuma ban sake jin labarinsa ba.

Na yi kwanaki ba na son ganin murhu. Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi sanyi, na bar wa maƙwabciyata saniya na kama hanyar Tsiga da sassafe. Na ce jini ai jini ne, wanda aka yi faɗan dominsa ya tafi, me ya rage?

Na same su an gama tatsa. Yaya yana zaune a gindin tsamiya yana tufka igiya. Ya amsa sallamata da kyau, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwa ko ya sauka wajenmu, ya tambayi mutanen gari, duk tambayoyin da ake yi wa baƙon da ya biyo neman hanya. Bai ambaci Alhaji ba, kuma na san ya ji. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma a waje. Daga inda nake zaune ina hangen ƙoren nono jere a kan ragaya, an rufe su da fayafai, kumfa na leƙowa.

A gidan da aka haife ni ba a ba baƙo ruwa. Ko maroƙi ne ya tsaya, ko wanda ya ɓata hanya, nono ake ɗebo masa, haka ubanmu ya yi, haka ubansa ya yi. Matar Yaya ta shiga ɗaki ta daɗe, na ji motsin randa. Ta fito da 'yar ƙwarya ta durƙusa ta ajiye a gabana, ba ta dube ni ba. Ruwa ne, mai sanyi, an tace shi tas.

Yaya ya ci gaba da tufkarsa. Na ɗauka na shanye, don ƙishirwa nake ji. Na yi godiya, na ce a gaida yara, na kama hanya kafin rana ta yi zafi.